Matar da Ke Riƙe da Maficin Jimina: Me Mai Sayen Zanen Tissot Yake Saya?

A shekarar 1885 mai zane ɗan Faransa James Tissot ya fitar da wani zane da aka buga daga farantin jan ƙarfe, baƙi da fari, tsayinsa wajen santimita 40. Sunansa L'Ambitieuse, wato mace mai dogon buri. Wata matashiya ce ta shigo zauren liyafa a birnin Paris, ta saƙala hannunta a hannun wani dattijo mai furfura wanda ko fuskarsa ba a gani sosai. Rigarta hawa-hawa ce, tattara bisa tattara, tana jan ƙasa a bayanta. Ƙugunta a ɗaure yake tam, a hannunta kuma akwai ƙaton mafici na gashin jimina. Zauren cike yake da maza cikin baƙaƙen kwat, wasu sun juyo suna kallonta, wasu sun haɗa kai suna raɗa. Ita kuwa ta ɗaga kai tana duban zauren, duban wadda ta zo da lissafinta.

Har yau masu tara zane-zanen bugu suna neman wannan takarda da 'yan'uwanta a gidajen gwanjo na Landan da Paris da New York. Wanda bai san harkar ba zai yi mamaki. Me zai sa mutum ya zuba kuɗi a kan takardar da aka buga da inji, wadda akwai irinta a hannun wasu, alhali ainihin zanen fenti mai launi da aka ɗauko ta daga gare shi yana can rataye a gidan adana zane na Buffalo a Amurka? A ganina bugun aiki ne mai zaman kansa, kuma akwai abin da yake faɗa wanda zanen fentin ya lulluɓe. Sai dai darajarsa a kasuwa ta rataya ne a kan wasu ƙananan abubuwa da ba a gani sai an sunkuya, da kuma wasu al'adun ciniki da aka ƙirƙiro a daidai zamanin da Tissot yake aiki.

Matar dai ba wata sananniya ba ce da za a kira sunanta. Tissot ya zana wani nau'in mace ne da mutanen Paris na lokacin suka sani sarai. Bayan Prusiya ta ci Faransa da yaƙi a 1870 sarautar Napoleon na Uku ta rushe, aka kafa Jamhuriya ta Uku, kuma zuwa 1879, lokacin da Jules Grévy ya zama shugaban ƙasa, mulki ya koma hannun 'yan jamhuriya gaba ɗaya. Sababbin mutane suka hau: lauyoyi, 'yan jarida, likitoci daga larduna, masu bankuna. Maganar wa za a ba minista, wa za a tura jakada, sau da yawa a falon manyan gidaje ake fara ƙulla ta kafin ta kai majalisa. Falon marubuciya Juliette Adam, inda ɗan siyasa Léon Gambetta da abokansa suke haɗuwa, shi ne misalin da kowa ya sani. Mace a Faransa ba ta samu 'yancin jefa ƙuri'a ba sai 1944. Saboda haka wadda take son ta taɓa mulki hanyarta a ƙuntace take: ta auri mai muƙami, ko da ya haife ta, ta iya karɓar baƙi, ta kuma iya shiga. Rigar da ke jikinta kayan aiki ce, kuma mazan da ke zauren sun san haka. Zamanin ne da Charles Frederick Worth, telan nan Bature ɗan Ingila da ya buɗe shagonsa a titin Rue de la Paix a 1858, ya mai da ɗinkin matan manya wata sana'a mai sunan mai ita a jiki.

Shi ma maficin yana da nasa labarin. A waɗancan shekarun gashin jimina yana isa kasuwannin Paris da Landan ta hanyoyi biyu: daga gonakin kiwon jimina na Afirka ta Kudu, da kuma ayarin raƙuma da ke tasowa daga Kano da Damagaram da Borno su ratsa Sahara zuwa Tarabulus. Ƙawar matan Turai ta ciyar da fatake da yawa a wannan hanya kafin farashin ya karye.

Idon da Tissot yake da shi a kan yadi a gida ya samo shi. An haife shi a Nantes a 1836, mahaifinsa mai sayar da yadi ne, mahaifiyarsa kuma tana tsara hulunan mata. Ya riga ya yi suna a Paris kafin yaƙi, amma bayan tarzomar da ta biyo baya a 1871 ya tsallaka Landan, ya zauna shekara goma sha ɗaya. Can ya yi arziki, ya sayi gida mai lambu a unguwar St John's Wood, yana zana matan Ingila a jiragen ruwa na kogin Thames da wuraren rawa. Masu kuɗin masana'antu suna saye, masu sharhi suna yamutsa fuska. Mai sharhin zane John Ruskin, wanda maganarsa ke da nauyi a lokacin, ya kwatanta zane-zanensa a 1877 da hotunan kyamara da aka shafa wa launi na mutanen da ba su da ɗanɗano. Wajen 1875 ne Tissot ya koma aikin farantin jan ƙarfe da gaske, kuma dalilin ciniki yana ciki: zanen fenti gida ɗaya yake shiga, bugu kuwa yana shiga gida ɗari.

Fuskar da ta fi yawa a zane-zanensa na Landan ta Kathleen Newton ce, 'yar asalin Ireland da ta tashi a Indiya. An aurar da ita ga wani likita a 1871, auren ya mutu a shekarar, ta zo ta zauna da Tissot daga wajen 1876 tana da 'ya'ya biyu. Ita ce a cikin bugunsa mai suna Mavourneen na 1877, da hula da riga mai gashin dabba a wuya. Ita ce kuma a bugun da ya sa wa suna October, na 1878, tana tafiya cikin busassun ganye, littafi a hammata, ta waiwayo ta kafaɗa. Abin da ke taɓa ni a nan shi ne, gidajen da suka rataya hotonta a falo a matsayin siffar mace mai aji, yawancinsu ba za su buɗe mata ƙofa ba, don sakakkiya ce da ke zaune da namiji ba aure. Tarin fuka ya kashe ta a Nuwamba 1882 tana da shekara 28. Cikin 'yan kwanaki Tissot ya bar gidan ya koma Paris.

To, yaya ake yin takardar? Ana samun farantin jan ƙarfe a goge shi har ya yi santsi, a ɗumama shi, a shafe fuskarsa da wani cakuɗen kakin zuma da ƙaro da kwalta. Sai a kifa shi a kan hayaƙin kyandir har shafen ya yi baƙi, don mai zane ya riƙa ganin layinsa. Da allura yake zane, kuma ba ƙarfen yake yanka ba, kakin kawai yake tsagawa, jan ƙarfen ya leƙo yana ƙyalli. In ya gama sai a tsoma farantin cikin ruwan asid. Asid ba ya cin kaki, sai ya bi ta inda allura ta buɗe ya ci ƙarfen ya yi rami. Ƙananan kumfa suna taruwa a kan layukan, mai aikin yana share su da gashin tsuntsu don cin ya tafi daidai. Layin da ake so ya fito siriri, kamar fuskokin da ke can ƙuryar zaure, ana ciro farantin da wuri a rufe shi da wani fenti mai hana ci, a mai da sauran cikin asid. Wanda ake so ya yi baƙi ƙirin sai a bar shi ya daɗe. Ta haka nisa da kusa suke samuwa a kan faranti ɗaya.

Akwai hanya ta biyu da Tissot yake haɗawa da wannan, ita ce karcen kai-tsaye: a ɗauki tsinke mai kaifi a karce ƙarfen ba kaki ba asid. Tsinken ba ya cire ƙarfen, ture shi yake gefe, kamar yadda garma ke tada ƙasa ta yi kunya a gefen kwari. Wannan 'yar gezar ƙarfe da ta tashi ita ce sirrin abin. Idan aka shafa tawada aka goge farantin da ƙyalle sannan da tafin hannu, gezar tana riƙe tawada a bayanta, sai layin ya fito a takarda da laushi, baƙinsa mai zurfi, gefensa a ɗan bazu. Da ita ake samun gashin dabba, da karammiski, da inuwar ƙarƙashin hula. Bayan haka sai a ɗora takarda mai danshi a kan farantin, a rufa da barguna masu kauri, a murɗa su ta tsakanin manyan naɗin ƙarfe biyu. Matsin yana tura takardar cikin ramukan ta ɗebo tawadar. Duk bugu ɗaya sai an sake shafa tawada an sake gogewa da hannu, shi ya sa ba a samun biyu da suka yi daidai ta kowace fuska, kuma shi ya sa sunan mai bugu irin su Auguste Delâtre a Paris ko Frederick Goulding a Landan yake da daraja.

Matsalar ita ce gezar ba ta da ƙarko. Jan ƙarfe yana da taushi, kowane wucewa ta inji yana danne ta. A farantin da ba a yi wa kariya ba, kafin a kai bugu ashirin ko talatin ta fara kwantawa. Bugun farko-farko da na ƙarshe daga faranti guda suke, zane ɗaya ne, suna ɗaya, shekara ɗaya, amma a na farko wuyan rigar Kathleen Newton gashi ne da za ka so ka taɓa, a na ƙarshe kuwa 'yan layuka ne masu toka-toka. Mai tarawa wannan bambancin yake biya wa kuɗi.

A zanen fenti na L'Ambitieuse, abin da ke fara kama ido shi ne ruwan hoda. Rigar ruwan hoda ce, maficin ma haka, kuma launin ya cika zanen har mai kallo yakan tsaya a nan, ya yaba ɗinki ya wuce. Can cikin taron akwai wani mai jar dara, alamar akwai jakadu a wurin, shi ma launinsa ne ke nuna shi. A bugun duk wannan ya tafi. Ba ruwan hoda, ba ja. Tissot ya zama dole ya gina rigar da haske: ya bar farar takarda ta yi aikin, ya bi kowace tattara da siraran layuka, sannan ya tara baƙi a kewayenta. Baƙin nan kuwa kwat ɗin maza ne. Sai zanen ya zama mace ɗaya mai haske a tsakiyar duhun maza, kuma a cikin duhun abin da ke fitowa fari shi ne ƙirjin riguna da fuskoki, fuskokin kuma suna kallo. Mai duban bugun ba ya iya fakewa da launi. Yana ganin ana auna ta, yana ganin ita ma tana auna su, kuma in ya yi gaskiya zai lura cewa shi kansa ya shiga sahun masu kallon. Ina ganin waɗanda suka ce Tissot mai zanen riguna ne kawai ba su tsaya a gaban wannan takarda ba.

Amma a zamaninsa masu ra'ayin tsarkake sana'ar suna da wata ƙorafi dabam, kuma sai an fahimce ta kafin a fahimci kasuwar. A tsakiyar ƙarni na 19 yawancin zanen bugu da ke shaguna aikin kwafi ne. Wani ƙwararre ya zauna wata da watanni yana sassaƙa zanen wani a kan ƙarfe, a buga dubbai. Sai wata ƙungiya ta taso tana cewa aikin asid ya kamata ya zama rubutun hannun mai zane da kansa, ya zana kai-tsaye a kan faranti abin da bai taɓa zanawa a wani wuri ba. A Paris Alfred Cadart ya kafa ƙungiyar masu wannan aiki a 1862 tare da Delâtre. A Landan likitan tiyata Francis Seymour Haden, surukin mai zane Ba'amurke James McNeill Whistler, ya kafa tasu a 1880. A wurin waɗannan mutane bugu iri biyu ne, na asali da na kwafi, kuma na kwafi ƙasa yake. Tissot ya faɗa tsakiya. Da hannunsa yake yin farantinsa, amma yawanci zanen fentinsa yake maimaitawa, kuma yana cika farantin da aiki har ƙurya, saɓanin salon 'yan layuka kaɗan da Whistler ya sa aka so. Sai aka riƙa yi masa kallon ɗan kasuwa.

Ban yarda da wannan hukunci ba. Wanda ya mai da ruwan hoda zuwa baƙi da fari sai ya yanke shawara a kan kowane taƙi na farantin: ina za a bar fari, ina asid zai daɗe, ina tsinke zai shiga. Shawarar mai zane ce, kuma mai zanen ne ya yanke ta. Ban da haka, su kansu masu tsarkin ba su tsira daga kasuwa ba, su ne ma suka gina mata ƙa'idojin da take bi har yau. A 1857 aka yi rajistar wata dabara a Faransa ta lulluɓe farantin jan ƙarfe da siririyar fatar baƙin ƙarfe ta hanyar lantarki. In fatar ta cinye sai a cire a sake wata, farantin yana nan lafiya. Daga nan faranti ɗaya zai iya ba da ɗaruruwa, har dubbai. Ƙarancin da a da taushin ƙarfe ke jawowa sai ya zama abin da mutum ke yankewa da kansa. Aka fara ƙayyade adadi, a karce farantin da gangan bayan an gama don kada a sake bugawa, a sa hannu da fensir a ƙasan takarda. Whistler da Haden ne suka yaɗa wannan sa hannun a wajen 1880, kuma mai sa hannu ya fi marar sa hannu tsada. Zane-zanen Venice goma sha biyu da Whistler ya fitar a 1880 an ƙayyade su ɗari-ɗari. Tun kafin haka, a 1847, dillalan Landan sun kafa ƙungiyar da ke buga hatimi a kan bugun farko-farko don mai saye ya tabbata ba a zarce adadin da aka faɗa ba. Tissot ya bi wannan tsari shi ma. Yawancin zane-zanensa na Landan wajen ɗari-ɗari aka buga, kuma yana da ɗan jan hatimi mai harufan sunansa da yake dannawa a kan wasu.

L'Ambitieuse ɓangare ne na wani babban shiri da bai kai ga gaci ba. Bayan ya koma Paris, Tissot ya yi manyan zane-zanen fenti goma sha biyar a kan matan birnin, tsakanin 1883 da 1885: mai tsaron shago, 'yan wasan dawaki, budurwar da ba ta da dukiyar aure, da sauransu. Ya nuna su a zauren dillali Sedelmeyer a Paris a 1885, sannan a Landan a wurin dillali Arthur Tooth a 1886. Niyyarsa kowane zane ya samu bugunsa, kowane bugu kuma ya fito da gajeren labari ko waƙa daga wani sanannen marubuci, cikinsu har da Émile Zola da Alphonse Daudet da Guy de Maupassant, a sayar wa masu biyan kuɗi tun gaba. Faranti biyar kawai aka yi. Masu sharhi a Paris ba su karɓi zane-zanen ba. Sun ce matan da ya kira 'yan Paris kamannin Ingilishi gare su, sun kuma ce ɗinkin rigunan ya tsufa, abin da a birnin nan ba ƙaramin zargi ba ne. Shekara goma sha ɗaya a waje ta nuna kanta, kuma wanda ya san fuskar Kathleen Newton zai gane dalilin zargin farko.

Sannan zuciyar mai zanen ta riga ta juya. A 1885 ya halarci zaman wani mai da'awar kiran ruhohi, William Eglinton, ya yi imanin ya ga marigayiyar. A wannan shekarar kuma, yana cikin cocin Saint-Sulpice don shirya ɗaya daga zane-zanen jerin, ya ce ya ga wani wahayi da ya mai da shi ga addininsa na Katolika. A 1886 ya tafi Falasɗinu, ya sake komawa a 1889 da 1896, ya zuba ƙarfinsa a kan zana tarihin Annabi Isa kamar yadda Linjila ta kawo. Gidan adana kayan tarihi na Brooklyn ya sayi guda 350 daga cikinsu a 1900. Ya rasu a 1902. Abin da wannan ke nufi ga mai tarawa a fili yake: bugun matan Paris ɗin nan biyar ragowar shiri ne da aka watsar, ba su bazu yadda aka tsara ba.

Wanda takarda irin wannan ta zo hannunsa, ko ta Tissot ko ta wani na zamaninsa, da gefe zai fara. Matsin inji yana barin sawun faranti, wani ɗan zurfi mai kusurwa huɗu da ke kewaye zanen, ana jin sa da yatsa. Sai a kawo gilashin ƙara girma, a haska fitila daga gefe. A bugun gaske tawadar tana tsaye a kan takarda, layi mai kauri ya fi siriri tudu, domin daga rami aka ɗebo ta. In aka ga hoton ya rarrabu zuwa ɗige-ɗige a jere, na injin zamani ne, an gama magana. Wanda ya fi wuyar kamawa shi ne kwafin da aka yi da hasken kyamara a kan farantin jan ƙarfe, dabarar da Karel Klíč ya inganta a 1879, kuma kamfanoni irin su Goupil suka yi ciniki da irinta sosai. Shi ma yana da sawun faranti, shi ma tsoho ne, amma a ƙarƙashin gilashi gefen layinsa yana da ɗan tsaki-tsaki, ba shi da kaifin allura, kuma inda ya kamata a ga laushin geza sai a ga baƙi a shimfiɗe. Akwai kuma hotunan tallan ɗinki da aka yage daga mujallun mata na Paris irin su La Mode Illustrée, masu launin da aka shafa da hannu. Suna da kyau, na ƙarni na 19 ne da gaske, amma dubbai aka buga su, kuma mai sayarwa da ya kira su aikin mai zane na ƙayyadadden adadi yaudara yake yi.

Bayan an tabbatar bugu ne na gaske, sai tambayar yaushe aka buga shi. Faranti yakan fi mai shi tsawon rai. Sashen bugu na gidan tarihin Louvre a Paris, wanda aka kafa a 1797, har yau yana buga sababbin takardu daga tsofaffin faranti yana sayarwa a fili, ba ɓoye-ɓoye. Irin wannan halal ne in an faɗa, amma farashinsa dabam. Takardar kanta tana ba da shaida: a ɗaga ta a haske a ga layukan da ke jikinta da tambarin masana'antar da ta yi ta, ko kuwa takardar Japan ce mai sheƙi da laushi wadda masu bugu na lokacin suke keɓe wa zaɓaɓɓun kwafi. Sai kuma mataki. Mai zane yakan buga gwaji, ya duba, ya koma ya ƙara layi ko ya goge wani, ya sake bugawa. Kowane canji mataki ne, kuma na farko-farko sun fi ƙaranci. A nan zan ja hankali: ƙaranci dabam, kyau dabam. Sau da yawa mataki na ƙarshe shi ne abin da mai zanen yake nufi, na farkon aiki ne da ba a gama ba, ko da dillali ya tsawwala masa kuɗi.

Lafiyar takarda ita ce ta ƙarshe: ɗige-ɗige masu launin tsatsa da danshi ke jawowa, duhun da rana ke bari a inda firam bai rufe ba, manna takarda a kan kwali da gam, yanke gefe. Yanke gefe yana rage daraja ƙwarai, in ban da a wurin Whistler, wanda da kansa yake datse takardunsa har bakin sawun faranti, ya bar ɗan kunne guda inda yake zana malam-buɗe-littafi, alamar sa hannunsa, don yana ganin son faɗin gefe shirme ne na masu tarawa.

Wanda ya gaji wannan fage daga Tissot shi ne Paul César Helleu, wanda Tissot ya ba tsinke mai bakin lu'ulu'u, ya kuma zama gwanin karcen kai-tsaye a shekarun 1890. Matan Helleu suna da suna: matan sarauta da 'ya'yan attajiran Amurka, irin su Consuelo Vanderbilt da ta auri Duke na Marlborough, suna zuwa su zauna ya zana su a kan ƙarfe cikin 'yan sa'o'i. Hannunsa yana da sauri da daɗi, gashin kai da gashin hula suna tashi a takardarsa. Amma mai biyan kuɗin ita ce a zaune, saboda haka ba zaure, ba masu raɗa, ba dattijo. Helleu ya fi Tissot iya layi. Tissot ya fi shi faɗin yadda abin yake.

Kasuwar ma ba ta tafi a miƙe ba. A shekarun 1920 farashin zanen asid ya yi tashin gwauron zabo a Ingila da Amurka, mutane suna sayen sababbin ayyukan masu zane irin su Muirhead Bone da D. Y. Cameron da James McBey suna ajiyewa don riba. Da kasuwar hannun jari ta faɗi a 1929 abin ya rushe, wasu takardun suka yi shekaru da dama ba su koma farashinsu ba. Tissot a lokacin an ma manta da shi, ana ganinsa tarkacen zamanin Sarauniya Victoria. Sai a 1978, da masani Michael Wentworth ya tattara dukkan bugunsa ya ba kowanne lamba ya bayyana matakansa, aka samu ma'aunin da dillalai ke amfani da shi yanzu. Duk takardar Tissot da aka kawo gwanjo da gaskiya za a ga lambar Wentworth a bayaninta, tare da faɗin mataki, irin takarda, da ko akwai jan hatimi ko sa hannu. Manyan nune-nunen da aka yi masa a San Francisco a 2019 da gidan adana zane na Orsay a Paris a 2020 sun ƙara dawo da sunansa.

Duk da haka lamba da hatimi ba sa koya wa ido komai. Ɗakunan ajiyar zanen bugu na British Museum a Landan da na Babban Ɗakin Karatu na Faransa suna fito wa mai nazari da takardu in ya nemi izini, ba gilashi a tsakani. Hotunan da gidajen tarihi ke sakawa a intanet suna da amfani wajen gane zane da matakinsa, amma allon waya ba ya nuna tudun tawada, ba ya kuma bambanta geza mai rai da wadda ta kwanta. Wanda yake shirin sayen takarda mai tsada daga nesa, mafi ƙarancin abin da zai nema daga dillali shi ne hoton bayan takardar, da hoton gefunanta huɗu a wajen firam, da hoto na kusa da aka ɗauka da haske daga gefe a kan wurin da ya fi baƙi.